Fashin Baƙi: Wane Fad da Wane Faifai Ne Suka Dace da Birkin Motarka?

Duk mai mota yana da ranar da makaniki zai kwance taya, ya leƙa ciki, ya ɗago ya ce fad ɗin birki ya cinye, wani lokaci ma ya ƙara da cewa faifan da fad ɗin yake kamawa shi ma ya isa sauyi. Daga nan ruɗani yake farawa, domin mota ɗaya tana iya samun fad iri biyar ko shida a kasuwa, kowanne da kirarin da aka yi masa a jikin kwali: wannan siramik ne, wancan mai haɗin ƙarfe ne, ga na kamfanin da ya ƙera motar, ga kuma wanda aka ce na tsere ne. Faifan ma haka yake, akwai sumul, akwai mai huji-huji, akwai mai tsaga. Tambayoyin da aka fi jayayya a kansu su ne: shin wanda ya fi tsada shi ne ya fi tsayar da mota, shin dole ne a sauya faifai duk lokacin da aka sauya fad, kuma me ya sa mutum zai sa sababbin kaya amma bayan 'yan watanni sitiyari ya riƙa rawa a hannunsa idan ya taka birki?

Maganar ta ƙara tasowa a 'yan shekarun nan saboda dokokin da ake kafawa a Turai da Amurka game da abin da ake haɗa fad da shi da kuma ƙurar da yake fitarwa, ga kuma motoci masu amfani da lantarki da suka sauya yadda birki yake cinyewa. Amma kafin a kai ga dokoki sai an fahimci aikin da waɗannan abubuwa biyu suke yi, domin yawancin kuskuren da ake tafkawa wajen saye daga rashin wannan fahimtar yake fitowa.

Aikin da birki yake yi

Idan direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura man birki ta cikin siraran bututu zuwa kowace ƙafar mota. A can akwai wata maƙala ta ƙarfe da ake kira kalifa, wadda ta hau bakin faifan, a cikinta kuma akwai fistin da man yake turawa. Fistin ɗin ne yake matse fad guda biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, a jikin faifan da ke juyawa tare da taya. Gogayyar da ke tsakaninsu ita ce take rage gudu, kuma duk ƙarfin gudun da aka rage ba ya ɓacewa, zafi yake komawa. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, idan aka tsayar da ita daga gudun kilomita 100 a sa'a, zafin da birkinta zai fitar cikin 'yan daƙiƙun nan ya isa ya tafasa ruwan sanyi fiye da lita ɗaya da rabi. Idan kuwa gudun ya ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. Juriya ga irin wannan zafin ita ce ta sa birkin faifai ya ture birkin ganga, wato wanda ake matsawa daga cikin wata rufaffiyar ganga ta ƙarfe, a ƙafafun gaba. An yi rajistar dabarar birkin faifai tun 1902 a Ingila da sunan injiniya Frederick Lanchester, amma bai karɓu ba sai bayan da motar Jaguar ta ci gasar tseren motoci ta Le Mans da shi a 1953, sannan Citroën ta sa shi a motarta DS a 1955.

Abubuwa biyu ne suke fitowa daga nan. Na farko, idan an taka birki nauyin mota gaba yake rinjaya, don haka ƙafafun gaba su ne suke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na aikin, shi ya sa fad da faifan gaba suka fi girma kuma suka fi saurin ƙarewa a yawancin motoci. Na biyu, wanda shi ne mutane suka fi jahilta, a tsayawar gaggawa guda ɗaya ba fad ne yake yanke tazarar da mota za ta ci kafin ta tsaya ba, taya ce. Duk fad mai lafiya yana da ƙarfin da zai kulle ƙafar mota ko ya tayar da na'urar ABS mai hana taya kullewa, kuma da zarar an kai wannan matakin, abin da ya rage yana tsakanin robar taya da kwalta. Mutumin da ya sayi fad mafi tsada ya ɗaura a kan tayoyin da suka suɗe bai rage tazarar tsayawarsa da ko taku ɗaya ba. Inda bambancin fad yake bayyana shi ne a taki na biyar da na goma a jere, a doguwar gangara ko da kaya a mota, lokacin da zafi ya taru har fad mara inganci ya fara santsi, direba yana takawa da ƙarfi motar kuma tana ci gaba da tafiya.

Abin da ke cikin fad

Fad faranti ne na ƙarfe da aka manna wa wani dunƙulen haɗi mai kauri, kuma wannan haɗin shi ne sirrin kowane kamfani, domin yana iya ƙunsar sinadarai goma sha wani abu. Duk da haka ana kasa su gida uku.

Akwai mai laushi, wanda aka haɗa da zaruruwa da roba da gam mai jure zafi, ba tare da ƙarfe mai yawa ba. Ba ya ƙara, ba ya cin faifai, kuma yana kamawa da kyau tun yana sanyi, amma yana saurin ƙarewa kuma ba ya son zafi mai tsanani. Ya dace da ƙaramar mota mara nauyi da ake zirga-zirgar cikin gari da ita.

Akwai mai haɗin ƙarfe, wanda ƙarfen da ke cikinsa kan kai daga kashi 30 zuwa 65 cikin 100. Shi ne gwanin zafi, yana da kamu mai ƙarfi, kuma shi ya fi dacewa da mota mai nauyi, ko mai jan tirela, ko wadda take yawan bin hanyoyin tsaunuka. Farashin da ake biya shi ne ƙara, da baƙar ƙura a jikin wili, da kuma cin faifai fiye da sauran. Akwai wani ɗan'uwansa mai ƙarancin ƙarfe wanda yawancin motocin Turai suke fitowa da shi daga masana'anta, kuma shi ne dalilin da ya sa ake ganin wilin gaban motocin Jamus yana yin baƙi kwana kaɗan bayan wanki. Wannan baƙin ba alamar lalacewa ba ne, zaɓi ne da masu ƙera motar suka yi da gangan, sun fifita kamu a babban gudu a kan tsabtar wili.

Sai siramik, wanda shi ne ya fi shan talla. Amfaninsa na gaskiya shi ne shiru, da ƙura kaɗan mai haske wadda ba ta manne wa wili, da kuma daɗewa. Motocin Japan da na Amurka da yawa da irinsa suke fitowa. Abin da tallar ba ta faɗa shi ne, siramik bai fi mai haɗin ƙarfe kamu ba, sau da yawa ma bai kai shi ba idan aiki ya yi tsanani. Wanda motarsa ta zo da mai ƙarfe, ya sauya zuwa siramik don gudun ƙura, yana iya jin cewa sai ya ƙara danna ƙafa kafin ya samu kamun da ya saba da shi. Ga mai tuƙin yau da kullum wannan ba abin damuwa ba ne. Ga mai ɗaukar kaya kuwa, a ganina, musanya ce da ba ta da riba.

Fad ɗin tsere shi ne ya fi yaudarar matasa masu son mota. An haɗa shi ne don ya yi aiki a zafin da motar titi ba ta cika kaiwa ba, saboda haka da sassafe, a takin farko a bakin mahaɗar hanya, kamunsa yana iya gaza na fad ɗin da ya fi shi araha nesa ba kusa ba, ga ƙara ga cin faifai. Abin da ya yi kyau a filin tsere yana iya zama haɗari a titi.

Alamomin da ke jikin kaya

Tunda mai saye ba zai iya gwada fad a shago ba, abin da ya rage masa shi ne ya iya karanta abin da aka buga a jikinsa. A gefen fad ko a bayan farantinsa sau da yawa akan ga jerin lambobi da suka ƙare da haruffa biyu, kamar EE ko FF ko GG. Waɗannan haruffa ma'aunin kamu ne. Harafin E yana nufin ƙarfin gogayya tsakanin 0.25 da 0.35, F tsakanin 0.35 da 0.45, G kuma tsakanin 0.45 da 0.55. Harafin farko kamun fad ne a matsakaicin zafi, na biyu kuma kamunsa bayan ya yi zafi sosai. Don haka fad mai FE yana raguwa idan ya ɗau zafi, mai FF kuwa yana riƙe matsayinsa. Ma'aunin yana da faɗi, ba ya bayyana ƙara ko ƙura ko daɗewa, amma yana da amfani guda mai muhimmanci: idan tsohon fad ɗin da motar ta zo da shi GG ne, bai kamata a sauko zuwa EE ba.

Alama ta biyu ita ce ta ƙa'idar ECE R90, wadda Tarayyar Turai da wasu ƙasashe suke aiki da ita. Ƙa'idar ta tanadi cewa duk fad ɗin da za a sayar a matsayin madadin na asali sai an gwada shi, kuma aikinsa kada ya kauce wa na asalin da fiye da kashi 15 cikin 100, sama ko ƙasa. Ana gane wanda ya tsallake gwajin da harafin E a cikin da'ira, tare da lambar da ta fara da 90R, kuma dole kwalinsa ya zo a rufe ta yadda za a gane idan an taɓa buɗe shi. Daga ƙarshen 2016 an faɗaɗa ƙa'idar ta haɗa da faifai da ganga na sababbin ƙirar ƙananan motoci. A Amurka kuwa dokar tarayya ta tsaya ne a kan birkin sabuwar mota, ba ta tilasta irin wannan gwajin a kan kayan sauyi ba, shi ya sa sunan kamfani ya fi nauyi a can.

Nan ne ake zuwa ga tsohuwar gardamar nan ta kayan kamfanin mota da na kasuwa. Masu cewa a tsaya ga na kamfanin mota suna da hujja, domin an gwada wannan haɗin a kan wannan motar takamaimai, an daidaita shi da nauyinta da na'urorinta. Amma yana da kyau a sani cewa yawancin masu ƙera motoci ba su suke yin fad da kansu ba. Kamfanoni irin su Akebono, Advics, Brembo, Bosch, ATE, TRW, Textar da Ferodo su ne suke yi musu, sannan su sayar da nasu a cikin kwalinsu, galibi a farashin da bai kai na dila ba. Ba koyaushe haɗin yake zama iri ɗaya sak ba, amma yana kusa. Inda haɗarin yake shi ne a fad mara suna, da kuma jabu mai ɗauke da sunan babban kamfani. Jabun fad yana iya tsayar da mota lafiya lau a gwajin farko a bakin gareji. Aibinsa sai zafi ya taru yake fitowa, ko kuma ranar da gam ɗin ya saki, dunƙulen ya rabu da farantinsa. Rubutu mai dishi-dishi, kwali mara hatimi, farantin da fentinsa ke ɓarewa da farce, da araha wadda ta wuce hankali, duk alamu ne da ya kamata su sa mai saye ya ja da baya.

Wani abin da ake yawan tuntuɓe a kansa shi ne girma. Mota mai suna ɗaya da shekara ɗaya tana iya fitowa da faifai mai faɗi iri biyu ko uku, gwargwadon girman injinta da kasuwar da aka yi ta dominta. Sunan mota da shekararta ba su isa ba. A yi amfani da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, ko a auna faɗin tsohon faifan, ko a ɗora tsohon fad a kan sabon a gani kafin a biya.

Shin dole ne a sauya faifai tare da fad?

A nan makanikai sun rabu biyu. Wasu suna cewa a sauya su tare kowane lokaci, hujjarsu ita ce sabon fad a kan tsohon faifai mai kwari-kwari ba ya zama daidai, yana kawo ƙara, kuma tunda an riga an kwance ƙafar, kuɗin aiki ɗaya ne. Wasu kuma suna cewa wannan ɓarnar kuɗi ce, faifai mai lafiya yana iya cinye fad biyu ko fiye. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai abin da ya kamata ya raba gardamar awo ne, ba ra'ayi ba.

Kowane faifai yana da mafi ƙarancin kaurin da aka yarda ya kai, kuma an buga shi a jikinsa, a bakin gefe ko a tudun tsakiya, yawanci da haruffan MIN TH sai lamba a milimita. Sau da yawa sai an goge tsatsa da burushin waya kafin a gan shi. Tazarar da ke tsakanin sabo da ƙarshe ba ta da yawa, kusan milimita 2 ce a yawancin ƙananan motoci, misali faifan da ya zo da kaurin milimita 25 ya ƙare a 23. Ido ba ya iya wannan awon, kuma bakin faifan yana yaudara, domin can gefe inda fad ba ya taɓawa yakan bar wani ɗan tudu da farce ke maƙalewa a kai, wanda yake nan da kaurinsa na asali. Da ma'aunin maikiromita ake aunawa, a tsakiyar inda fad yake gogawa, a wurare da dama a kewayen faifan. Idan kaurin yana da saura wadda za ta kai ƙarshen rayuwar sabon fad, fuskar tana da santsi, babu tsagewa, babu shuɗin tabon ƙuna, kuma birkin ba ya rawa, to babu dalilin jefar da shi. Idan ya kusa iyaka, a sauya, domin siririn faifai ba shi da naman da zai shanye zafi.

Akwai hanya ta uku, wato a kai faifan a kankare fuskarsa a inji. A da wannan shi ne abin da aka saba, lokacin da fayafayan suke da kauri sosai. Na yanzu an rage musu nauyi don tsimin mai, saboda haka kankara ɗaya tana iya kai su bakin iyaka. Ba laifi ba ne idan bayan an gama awo ya nuna da saura, amma kada a karɓi faifan da aka kankare ba a sake aunawa ba.

Shi kuwa fad, sabon na gaba yakan zo da nama kusan milimita 10 zuwa 12, kuma idan ya sauko kusan 3 lokacin sauyi ya yi. Da yawa suna da wani ɗan harshen ƙarfe da ke fara taɓa faifai yana tsuwa idan an kai nan, wasu motocin kuma waya ce da ke kunna fitila a gaban direba. Idan tsuwar ta koma gurnani, nama ya ƙare, faranti ne yake cin faifai, kuma a lokacin maganar ceton faifan ta wuce. Ko fad ko faifai, ba a sauya ɓangare ɗaya. Dama da hagu tare suke tafiya, in ba haka ba mota za ta riƙa fizga gefe idan an taka birki.

Game da siffar faifai, maganar ba ta da tsawo. Yawancinsu zubin ƙarfe ne, na gaba kuma yana da ramukan iska a tsakanin fuskokinsa biyu. Mai huji-huji yana da kyan gani a bayan wili, amma ramukan suna rage naman ƙarfe kuma daga bakinsu tsagewa take farawa idan an matsa masa, musamman idan mai araha ne da aka huda bayan an gama zubinsa. Mai tsaga yana share fuskar fad, yana da amfani ga mai aiki mai nauyi, sai dai yana cin fad kuma yana ɗan gunji. Ga motar yau da kullum, faifai sumul daga kamfani mai suna shi ne zaɓin da ya fi hankali. Idan akwai ƙarin da ya cancanci kuɗinsa, to lulluɓin hana tsatsa ne da ake yi wa tudun tsakiya da ramukan iska.

Rawar sitiyari da laifin da ake ɗora wa faifai

Idan birki ya fara rawa, abin da kowa yake cewa shi ne faifai ya lanƙwashe saboda zafi. Hakan yana faruwa, amma ba shi ne ya fi yawa ba. Abin da aka fi samu idan an auna shi ne kaurin faifan ya bambanta daga wani wuri zuwa wani, da ɗan abin da bai kai kaurin gashin kai ba, kuma wannan ya isa ya riƙa tura fistin baya a kowane juyi har ƙafar direba ta ji.

Hanyoyi biyu ne suke kawo shi. Ta farko daga wurin ɗauri take. Faifai yana zama ne a kan fuskar cibiyar ƙafa, kuma idan aka bar tsatsa ko ɗan datti a wannan fuskar, sabon faifan zai zauna a ɗan karkace. Karkatar da aka yarda da ita ƙanƙanuwa ce, kusan milimita 0.05. Idan ta wuce haka, a kowane juyi gefen da ya fi tudu yana shafar fad ko ba a taka birki ba, har bayan 'yan dubban kilomita wurin ya cinye fiye da saura. Ɗaure notocin wili da bindigar iska, wani ya fi wani ƙarfi, shi ma yana haifar da irin wannan. Shi ya sa ake ɗaure su a tsallake-tsallake, a ƙarasa da sifana mai awon ƙarfi. Hanya ta biyu daga tuƙi take. Fad yana barin wani siririn shafe na jikinsa a fuskar faifai, kuma ana son wannan shafen ya zama bai ɗaya. Idan direba ya sauko daga babban gudu, birki ya yi zafi jau, sannan ya tsaya cak yana danne da ƙafa, fad ɗin yana iya buga hatiminsa a wuri guda, har a ga zanen siffarsa a jikin faifan idan an cire taya.

Abin da wannan yake nufi ga mai mota shi ne, idan aka sa sabon faifai rawar ta tafi, sannan ta dawo bayan wata uku ko huɗu, ba lallai ne kayan ne marasa kyau ba. Wanda ya ƙara kuɗi ya sayi mafi tsada, ba a goge cibiyar ba, zai sake dawowa da ƙorafi iri ɗaya.

Aikin ɗaurawa ma yana cikin zaɓi

Kalifa tana zamewa ne a kan wasu fil guda biyu, kuma idan suka ƙafe, fad ɗaya zai cinye ya bar ɗan'uwansa da nama. Duk wanda ya ga tsofaffin fad sun fito ɗaya siriri ɗaya mai kauri, to ya san matsalar ba a fad take ba. Ana wanke fil ɗin a shafa musu giris na musamman da ba ya kumbura roba, a sauya 'yan ƙarafan da fad yake zama a kansu, waɗanda kaya masu kyau suke zuwa da su a cikin kwali. Sabon faifan da ba shi da lulluɓi yana zuwa da ɗan mai a fuskarsa don hana tsatsa, kuma sai an wanke shi tas kafin a ɗaura. Motar da birkin hannunta na maɓalli ne tana buƙatar a sa ta a yanayin gyara kafin a tura fistin na baya, in ba haka ba a lalata ɗan injin da ke cikin kalifar. Bayan an gama kuma, kafin motar ta motsa, sai an tattaka birki sau da yawa har ya yi tauri, domin takin farko ƙasa yake tafiya babu kamu.

Sai zaunar da sababbin kayan. A hanyar da babu cunkoso, ana rage gudu daga kamar kilomita 60 zuwa 10 da matsakaicin taki, sau takwas ko goma, ba tare da tsayawa cak ba, sannan a yi 'yar tafiya birkin ya huce. A kilomita 200 zuwa 300 na farko kuma a guji taki mai tsanani sai dai in dole ta kama. Idan kamfanin fad ɗin ya rubuta nasa tsarin a takardar cikin kwali, nasa ake bi.

Man birki shi ne abin da ake mantawa. Yawancinsa yana shan danshi daga iska a hankali, kuma danshin yana sauko da zafin da yake tafasa a kai. Ana bambanta nau'o'in man da lambar DOT da ke jikin mazubinsa. Nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma bayan ya sha ruwa ƙa'idarsa tana saukowa zuwa 155. Idan ya tafasa, tururi ne yake shiga bututu, birki ya yi laushi ya nutse, komai kyan fad ɗin da aka sa. Kamfanoni da yawa suna cewa a sauya shi duk shekara biyu. A kula kuma, DOT 5 daban yake da DOT 3 da 4 da 5.1, ba a gauraya shi da su.

Dokoki da abin da za su sauya

Shekaru da dama asbestos ne ginshiƙin haɗin fad, har aka tabbatar cewa ƙurarsa tana haddasa ciwon daji a huhu. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya daga 2005, hukumar kare muhalli ta Amurka kuma ta sanar da haramta nau'insa na ƙarshe da ake amfani da shi a 2024. Tunda ba kowace ƙasa ce ta hana ba, fad mara suna yana iya ɗauke da shi, don haka bai kamata makaniki ya hure ƙurar birki da iska ya shaƙa ba. Bayan asbestos sai jan ƙarfe, wanda ruwan sama ke wankewa daga titi zuwa koguna yana cutar da kifi. Tun daga 2010 jihohin Kalifoniya da Washinton na Amurka suka yi dokokin rage shi zuwa ƙasa da kashi 5 cikin 100 daga 2021, sannan ƙasa da rabin kashi ɗaya daga 2025. Wannan ne asalin ɗan zanen ganye uku da ake gani a wasu kwalaye: idan duka ukun a cike suke, fad ɗin kusan babu jan ƙarfe a cikinsa.

Na baya-bayan nan shi ne tsarin Euro 7 da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2024, wanda a karon farko ya sa iyaka ga ƙurar birki kanta: miligiram 7 a kowace kilomita ga ƙananan motoci masu inji, 3 kuma ga masu lantarki zalla, farawa da sababbin ƙira daga Nuwamba 2026. Don cika wannan sharaɗin, ana sa ran motoci da yawa za su riƙa zuwa da faifai mai tauraren lulluɓi da fad ɗin da aka haɗa musamman dominsa. Irin waɗannan za su fi daɗewa, amma za su fi tsada, ba za su kankaru a inji ba tare da an cire lulluɓin ba, kuma sa musu kowane irin fad da aka samu zai zama kuskure mafi girma fiye da yadda yake a yau.

Motoci masu lantarki da masu haɗa inji da batir kuwa sun juya matsalar. Yawancin rage gudunsu injin lantarkin ne yake yi yana mayar da wuta cikin batir, saboda haka fad yana iya shekaru bai cinye ba. Abin da ke kashe birkinsu rashin aiki ne: faifai ya yi tsatsa, fil ɗin kalifa su ƙafe, farantin fad ya ruɓe ta baya alhali namansa yana nan da kauri. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Volkswagen ta koma wa birkin ganga a ƙafafun bayan motocinta irin su ID.3, tunda ganga a rufe take, ruwa ba ya samunta sosai. Mai irin wannan motar, idan ya zo sauyi, faifai mai lulluɓin hana tsatsa da fad mai farantin da aka yi wa rigar tutiya sun fi masa amfani a kan duk wani alƙawarin ƙarin kamu, kuma ko fitilar gargaɗi ba ta kama ba, yana da kyau a kwance ƙafafun a duba a shafa giris sau ɗaya a shekara.